Gaiwa a Bangon Madafa

Tafkin unguwarmu ba na gado ba ne. Masu gyaran titin da ya nufi Jiratawa ne suka haƙa shi, kuma ba da niyya ba. Jar ƙasa suke so, suka yi ta kwasa da manyan motoci, da suka gama suka kama gabansu suka bar mana rami. Damina ta zo ta cika shi, muka wayi gari muna da tafki. A lokacin ba kowa a wurin sai gonakin hatsi da dogon yaro guda ɗaya a bakin ramin. Yanzu Maraɗi ta miƙe ƙafa har ta wuce shi. Gidaje sun zagaye shi, masu kabu-kabu na wanke babura a gefe guda, mata na wanki a ɗaya gefen, agwagi na mulkin tsakiya. Ruwan yakan kai ƙarshen sanyi, wata shekara ya ɗan taɓa bazara, sannan ya ƙafe.

A wannan tafkin nake fatsa.

Da can amalanken jaki nake kora. Yashi, ruwa, buhunan hatsi, har gadon amarya na ɗauka. Da gwiwata ta ce ta gaji, jakin kuwa dama ya daɗe da faɗin nasa ra'ayin, sai na aje sana'a na dawo gida. Ban daɗe ba matata ta ce duk inda ta juya da tsintsiya sai ta same ni. Na fita na sari sanda, na ɗaura mata zaren roba da ƙugiya, na yanki guntun tsohon silifa na ɗaura a tsakiyar zaren don ya riƙa yawo bisa ruwa yana ba ni labarin abin da ke ƙasa. Na nufi gindin dogon yaro. A nan na tarar da Mushe.

Mushe maƙwabcinmu ne, Bagobiri mutumin Tibiri, Kirista. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa har yau ba mai kiransa da wani suna sai Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan. Ni lakwal ɗin ta ƙofa na shiga, na fita ta taga tun ba a gama raba alli ba, don haka ya ɗauke ni ɗalibin da ya taɓa tsere masa. Matarsa ta rasu, ƴaƴansa suna Yamai. Ɗaya daga cikinsu ya aiko masa da sandar fatsa irin ta Turawa, mai wani ɗan inji a gindi da ake murɗawa yana ƙara kamar keken ɗinki. In Mushe ya miƙe tsaye ya wurga ta, sai ka ce daga babban tafkin Madarunfa zai jawo kifi. Galibi dogon yaron yake kamawa.

Ran Lahadi da safe shi yana majami'a, ni nake tsare masa kifinsa. Ran Juma'a da rana shi yake tsare mini nawa. Har yau ba wanda ya taɓa cin amanar wani, don ba abin da za a ci.

Gardama ce ta haɗa mu, ita ce kuma ta riƙe mu. Mushe ya ce karfasa ce a tafkin, ni na ce tarwaɗa. Hujjarsa ita ce wata shekara waɗansu ma'aikata sun zo da mota da manyan robobi, suka juye ƴan ƙananan karfasa a ruwan, kowacce ba ta kai ɗan yatsa ba. Aka yi jawabi, aka ce kowa ya yi haƙuri har su girma. Wannan gaskiya ne, ina wurin, har na tafa. Amma ina wurin kuma da matan unguwa suka shiga da gidan sauro tun sawun motar bai goge ba, suka tace tafkin kamar masu tace gasara. Abin da ya tsira, agwagi suka je suka yi masa gaisuwa. Mushe ya ce ba yadda za a yi a kwashe su duka, tilas wata mace da wani namiji sun ɓuya, kuma bisa lissafinsa jikokinsu yanzu sun isa su cika kasuwa.

Na ce, "To, in tafkin ya ƙafe ina suke zuwa? Tibiri, ganin gida?"

Ya ce, "Ƙwai suke bari, Bakatsine. Da ka zauna lakwal da ka sani."

Ni tawa hujjar ta fi ƙarfi. Tarwaɗa tana tafiya bisa ƙasa in an yi ruwa, kowa ya san wannan, kuma daga gulbi zuwa unguwarmu ba wata tafiya ba ce ga kifi mai himma. Ban da haka, wani lokaci muna zaune sai ruwan ya ce ɓul daga tsakiya, ya yi zobe ya baje.

"Ka ji ko? Wanga numfashin tarwaɗa ne."

"Kwaɗo ne."

"Kwaɗin Tibiri ne ke da irin wanga ƙirji?"

"Bawana, kama bakinka, kana korar mini karfasa."

Abin da muka kama a shekarun nan yana da yawa, ba zan ɓoye ba. Leda kala-kala, buta marar hanci, takalmin yaro, ragar sauron da aka tace tafkin da ita. Sau ɗaya na kama agwagwar mutane, na je na ba da haƙuri da ita a hammata. Kwaɗo kuwa har mun saba, akwai wanda nake jin ya gane ni.

Matata ta yi ta haƙuri har ranar da na taɓa sabulunta. Wani direba ne ya ce mini tarwaɗa ba ta ganin sabulu ta ƙyale. Na duba na wanki ya ƙare, sai wani mai ƙamshi da ɗiyarmu ta kawo mata, tana ɓoyonsa cikin kwalla ƙarƙashin zannuwa. Ban ɗauke duka ba, kusurwa ɗaya na yanka. Da na ga ruwa ya cinye ta na koma na yanki ta biyu, don ya daidaita. Da yamma na dawo tare da Mushe, muka tarar da ita zaune a tsakar gida da sabulun a tafin hannu, ya koma kamar goron da ɓera ya fara.

Ta ce, "Malam, mi ya sami sabuluna?"

Na ce, "Ai alheri ne ke tafe. Tarwaɗa..."

"Tarwaɗar ta yi wanka?"

Mushe ya juya zai tafi, ta ce, "Mushe, tsaya, kai ne shaida." Sannan ta dube ni. Ta ce babu kifi a ramin nan, ba a taɓa yi ba, kuma ba za a yi ba. Ta ce babban ɗanmu yana can Sabon Gari yana fama shi kaɗai da teburin esansi, inda yake sayar da man fetur a kwalabe, ba mai kama masa, ubansa kuwa yana bakin rami yana wanke kwaɗi. In har ta ga kifi da idonta wanda ya fito daga tafkin nan, ta yi alkawari ba za ta ƙara buɗe baki kan fatsa ba har ƙasa ta rufe idonta. In kuwa ruwan bana ya ƙafe ba ta gani ba, in aje sanda in je in zauna teburin esansi.

Mai hankali da ya nemi a ba shi lokaci ya yi shawara. Ni na bugi ƙirji na ce ta wanke babbar tukunya.

Aka yanke hatsi, sanyi ya shigo, ruwa ya fara ja da baya. Mu kuwa murna muke, don Mushe ya ce duk sadda ruwa ya ragu kifi na matsuwa wuri ɗaya, kamar fasinja a motar kasuwa. Muka gwada tana, muka gwada gara, muka gwada hanjin kaza da tuwon jiya. Kullum sai mun ɗan matsa da kujerunmu gaba muna bin ruwan, har muka bar inuwar dogon yaro muka koma rana. Da ya rage bai fi faɗin tabarma ba, na naɗe wando na shiga da kwando. Na fito da talibambam cike da kwandon, da tsutsa ɗaya maƙale a ƙaurina. Na ce wa Mushe ko mu sayo ɗanyen kifi wurin masu kawowa daga Madarunfa mu shafa masa laka. Ya ce shi ba ya shaidar ƙarya. Ya ƙara da cewa mai sayar da kifin ma ƙawar matata ce, tare suke zuwa biki. Ina jin wannan dalili na biyu ya fi na farko nauyi.

Tafki ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage. Matata ta ɗauki sandata ta soke ta cikin rufin rumfa, ta miƙo mini hula.

Teburin esansi ba wurin dattijo ba ne. Kwalabe ne jere a rana, da mazurari, da wari mai shiga har cikin tuwo. Ba ka gyangyaɗi, ba ka miƙe ƙafa. Kana fara tunani mai daɗi sai wani ya taka burki a gabanka: "Baba, lita ɗaya, da sauri!" Ni kuwa ban iya sauri ba. Ina zubawa a hankali kamar mai zuba wa baƙo fura, ina tambayarsa ɗan gidan wa ne, ina yi masa faɗa kan gudu. In na ga mai haƙuri sai in fara masa bayanin tarwaɗa. Wata rana na zuba wa wani rabi a tanki rabi a wando. Wata rana na ce wa wani babur ɗinsa ba esansi yake so ba, hutu yake so, ya je gida. Ya tafi teburin gaba. Ɗana yana gefe yana cizon leɓe, ba damar magana, uba uba ne. Abin da yake iya cewa kawai, "Baba, ko za ka ɗan huta?" In ce masa ai aiki na zo yi.

Mushe ya biyo ni can da farko, ya zauna bisa benci, warin ya sa shi tari har ya yi hawaye. Bai ƙara zuwa ba. Sai wani mai kabu-kabu na unguwarmu yake ce mini, "Baba, abokinka lafiya kuwa? Kullum na wuce ina ganinsa gindin dogon yaro shi kaɗai, yana kallon busasshen rami." Na yi dariya na ce Gobirawa haka suke. Amma ranar abincin rana bai shiga ba. Ni dai na san gidan Mushe ba kowa sai rediyo.

Ana nan bazara ta yi nisa, matata ta ce bangon madafa ya tsage tun daminar bara, in ba a tashe shi ba ruwan bana zai kwantar mata da shi bisa tukwane. Za ta kira magini. Na ce magini na mi, ga ni? Ai ƙasar gini mafi kyau tana nan cikin tafki, ni zan buga bulo in gina mata. Abin da nake so shi ne safiyata ta dawo hannuna, in koma bakin ramin ko da babu ruwa. Ɗana ya goyi bayana da wani irin sauri da ban taɓa gani a wurinsa ba.

Yadda ake buga bulon ƙasa kowa ya sani. A haƙa, a farfasa, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattaka da ƙafa har ta yi laushi, a zuba a ma'auni, a jera a rana. Na tsaya tsakiyar tafki da shebur na tuna da gwiwata. Sai na dubi ƙasa. Rana ta riga ta tsattsaga ta gida-gida, kowane yanki da kusurwoyinsa, a bushe ƙam. Na ce, "Mushe, dubi nan. An riga an buga mana, ɗauka kawai ya rage."

Ya ce, "Wanga ba bulo ba ne, ɓaraguzai ne."

"Ai kai ba ka taɓa gina ko akurki ba."

"Kai ka taɓa?"

Ban taɓa ba, amma na kai wa magina yashi shekara da shekaru, kuma ina kallo. Muka je can tsakiya inda ruwa ya yi zaman ƙarshe, inda yankunan suka fi kauri. Ina zura shebur da diga ina ɓamɓaro su ɗaya-ɗaya, waɗansu sai mun kama mu biyu. Mushe yana gunaguni yana ɗorawa a baro. Muka yi kwanaki a haka, muna aiki kaɗan muna gardama da yawa, kuma tunda tafkin ya ƙafe ban ga haƙoransa a waje ba sai lokacin. Na aro amalanke muka kwashe. Na rushe tsohon bango na jera nawa, inda ya bar rami in cusa ɗanyar laka, sannan na yi masa yaɓe mai santsi ciki da waje don kada asirinsa ya fito. Bango ya tashi da kaurin ganuwa. Matata ta zagaya shi, ta buga da tafin hannu, ta ce, "Ashe kana da amfani." Na koma teburin esansi da wannan yabo.

Ruwan farko ya zo ya wuce, na biyu ma haka, bango na tsaye. Sai ranar da aka tashi da hadari tun safe. Aka fara kamar wasa, aka ƙi ɗaukewa. Ban fita ba, don ba mai sayen esansi cikin irin wannan ruwa. Tsakar gida ta cika, magudana ta toshe, ruwa ya kwanta a gindin bangon madafa yana shiga. Ina zaune bakin ƙofa ina kallo na ga yaɓen ya fara zamewa kamar mayafi. Bangon bai faɗi ba irin faɗuwar bango mai mutunci. Zama ya yi. Ya durƙusa a hankali, ya baje cikin madafa, ya rufe murhu da turmi da tukwane.

Matata ta dube shi, ta dube ni. Na ce, "Ikon Allah." Ta ce, "Da naka."

Sai bayan la'asar ruwan ya tsagaita. Ta ɗaura zane ta shiga cikin taɓon tana laluben tukwanenta, ni kuma ina daga baya riƙe da tire, ina nuna alamun taimako. Ta jawo murfi, ta jawo ludayi. Ta sake zura hannu, sai ta kurma ihun da tun haihuwar autanmu ban ji irinsa ba, ta yi tsalle ɗaya ta dire bisa turmin da ke kife.

"Maciji! Malam, maciji!"

Na ja da baya don in samu wurin tunani. Sai na ga abin yana juyi cikin ruwan laka. Tsawonsa ya kai damtsena, jikinsa sulɓi, launin toka da ɗigo-ɗigo, ga waɗansu siraran zare huɗu a madadin hannu da ƙafa. Wata fata kamar tsohuwar leda tana saɓule masa. Ya ɗago kai sama da ruwa, ya buɗe baki, ya ja iska ya ce ɓul.

Na san wannan ɓul ɗin. Shekaru ina jinsa.

Na jefar da tire na yi kansa. Ya sulɓe, na faɗi zaune. Na sake kamawa, ya juyo ya cafke mini babban yatsa, na ji har cikin kunne. Da ƙyar na tura shi bokiti da murfin tukunya. Ihun matata ya riga ya kira Mushe, ya shigo da lema da tabarau. Ɗana ma ya iso a jiƙe, ya zo duba ko gida lafiya.

Mushe ya leƙa bokiti ya ce, "Gaiwa!"

Na ce, "Awo, gaiwa. Ai na sani."

Ban sani ba. Gaiwa na san ta busasshiya a kasuwa, na kuma sha jin mutanen ƙauye na cewa in ruwa ya ƙafe takan nutse cikin laka ta naɗe kanta ta yi barci har damina, su bi ta da fartanya su haƙo. Ban taɓa kawo wa raina tana kwance ƙarƙashin kujerata ba. Da na tattaka ƙasar nan yadda ake yi, da na kashe ta ban sani ba. Sai na ɗauko ta da ɗakinta gaba ɗaya, na ɗora a amalanke, na gina ta cikin bango, na yi mata yaɓe.

Mushe ya ce shi ma dama yana zargin haka, tun shekarar da gulbi ya yi ambaliya ya haɗe da ramin. Na ce bai taɓa faɗa ba. Ya ce bai so ya ruɗa ni ne.

Na ɗauki bokiti na aje gaban turmi, inda matata ke tsaye har yanzu. Na ce, "Uwar yara, ga kifi. Daga tafki. Ki dube shi da idonki."

"Wanga ba kifi ba ne. Ina ƙayarsa ta baya? Ina ɓawonsa? Kifi na da hannu?"

"Gajerun hannuwa ne, ba su da yawa."

"Kifi na shan iska kamar akuya? Kifi na zama cikin bango? Malam, aljani ka gina mini a madafa, wata da watanni ina tuƙa tuwo yana bayana!"

Na juya wurin Mushe. Ya gyara tabarau, ya ce shi ba ya shaidar ƙarya, kuma gaskiya ita ce gaiwa kifi ce, ƙasar nan kuwa da hannunsa ya ɗora ta a baro daga tsakiyar tafki. Matata ta ce, "Ashe da kai aka rushe mini madafa." Ya ce shi tun farko ya ce ɓaraguzai ne. Ta ce, "Ka ce, amma ka tura baro."

Ta juya wurin ɗanta, ta ce, "Kai, zo ka duba. Kai ne ba ka da abin ci a maganar nan."

Yana daga bakin zaure, bai ko matso ba, ya ce, "Inna, kifi ne."

"Ka gani?"

"Inna, wallahi kifi ne. Daga nan ma ina jin ƙarninsa. Baba ya ci. Alkawari kika yi, Inna, gaban shaida."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "Haka ya dame ka a teburin?" Ya sunkuyar da kai yana murza makullin babur. Ni na yi kamar ban ji ba, don a lokacin ba zuciya nake nema ba, hukunci nake jira.

Ta sauko daga turmi, ta leƙa bokitin daga nesa. Gaiwa ta ɗago kai ta dube ta. Matata mace ce mai faɗa, amma ba ta taɓa cin alkawari ba. Ta ce, "To, na gani. Kifi ne, mummuna, irin wanda ya dace da mai shi. Je ka ɗauki sandarka." Na ce ta kawo babbar tukunyar. Ta ce babbar tukunyar tana ƙarƙashin bangona, kuma ko tana sama wannan abu ba zai shige ta ba, don a gidansu ba a cin gaiwa, kakarta ta ce nono gare ta kamar mace. In fitar mata da ita daga gida yanzu-yanzu, kafin ta sake shawara.

Mushe ya ce shi ma ba zai iya cin wanda suka yi zaman shekaru tare ba. Ni kuwa yatsana na zogi, na ji ba na son ƙarin hulɗa da bakinta. Muka kama bokiti, shi hannu ɗaya ni hannu ɗaya, muka bi ta cikin taɓo mutane na leƙowa. Tafki ya cika har gindin dogon yaro. Muka karkata bokitin. Ta ɗan tsaya kamar mai tuna hanya, sannan ta kaɗa jela ta nutse. Mushe ya cire hula.

Washegari na ce a jiƙa sauran ɓaraguzan bangon a ƙidaya danginta, don a san yawan jama'ar tafkin. Muka kwashe su waje muka yi ta zuba ruwa muna jira. Kwaɗo ɗaya ya fito, ya dube mu ya wuce. Matata ta kira magini na gaske ya tashi bango da bulon siminti, ta tsaya a kansa har ya gama, ni kuma aka hana ni ko miƙa masa ruwa.

Labari ya bazu, har daga unguwar Zariya samari suka riƙa zuwa da ƙugiyoyi suna tambaya ko akwai kifi. Ina gaya musu gaskiya. Akwai, guda ɗaya, mace ce a ganina, tana da cizo, kuma ta taɓa zama gidana. Suka yi ƴan kwanaki, rana ta dake su, suka watse. Aka bar mu mu biyu kamar da.

Sai wata damuwa ta same ni wadda ban faɗa wa kowa ba. In na kama ta fa? A gida ba za a dafa ba. In ta haɗiye ƙugiya ta mutu, tafki ya koma ba kowa, kuma ban san ko alkawarin matata ya haɗa da tafkin da aka cinye kifinsa ba. Na ari filaya wurin mai gyaran babur na miƙar da bakin ƙugiyata, ta koma kamar allura. Ina soka tana in jefa, wanda ke ƙasa ya zare abinsa ya tafi. Ina cikin yi wata safiya Mushe ya kama ni. Sai ya murɗa injinsa ya jawo zare ya nuna mini. Shi tasa ƙugiyar ma ya cire ta gaba ɗaya, ƙulla tanar yake yi da zare.

Jiya da hantsi muna zaune zarena ya miƙe, sanda ta lanƙwasa har na ji a kafaɗa. Mushe ya dafa mini hannu.

"Kar ka ja."

"Wa ya ce zan ja?"

Muka zuba ido. Zaren ya yi rawa, ya yi rawa, sannan ya saki.

"Ta ci?"

Na ɗago, ba tana. Na ce, "Ta ci."

Ya ce, "Madalla. Sa mata wata, jiya ba ta ci da yawa ba."